Zaburar da Yaran Ajin Share Fage Wajen Koyon Kalmomin Kallo Ɗaya: Tsakanin Alawa da Iyawa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi hanyoyin da ake bi wajen sanya wa yara 'yan shekara 4 zuwa 6 sha'awar koyon kalmomin da mai karatu ke ganewa da kallo ɗaya. An yi bitar ayyukan masana karatu da masana halayyar ɗan'adam, sannan aka auna su da yanayin ajin da yaransa suka tashi da Hausa a baki, suke kuma fuskantar Ingilishi a allo. Matsayar takardar ita ce, ba a raba sha'awar yaro da hanyar da aka koyar da shi. Yaron da aka nuna wa yadda haruffa ke ɗauke da sautin kalma, har ya karanta jimla da kansa, shi ne yake neman ƙari. Alawa da tafi da tsumagiya na iya sa shi buɗe baki na ɗan lokaci, amma ba su ne ke mai da shi mai karatu ba. An rufe da shawarwari ga malamai da iyaye da hukumomi.

1.0 Gabatarwa

A rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a shekarar 2022, an ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89. Matsalar da ke bayyana a aji huɗu ko biyar, tushenta yana can baya, a ajin da yaro ya fara riƙe fensir, wanda wasu ke kira nazare, wasu kuma rabin aji.

Manufar ilimi ta ƙasa a Nijeriya ta tanadi cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, kuma malami ɗaya ya riƙe yara 25. Abin da ido ke gani a makarantu da yawa ya sha bamban da haka. Aji ya cika maƙil, malama na gaban allo tana nuna kalma da sanda, yara na amsawa baki ɗaya har maƙwabta na ji. Amma a share allon, a rubuta wa yaro guda kalmar a takarda, sai ya tsaya yana kallon bakin malama. Daga nan ƙorafi ya tashi: yaran ba sa mai da hankali, ba sa son karatu.

Takardar za ta amsa tambayoyi uku. Yaya kalma ke zama a ƙwaƙwalwar yaro? Me ke sa yaro son koyo, me kuma ke kashe masa gwiwa? Waɗanne dabaru ne suka dace da ajin Bahaushen yaro?

2.0 Mene ne Kalmomin Kallo Ɗaya?

Ana amfani da wannan suna ta fuska biyu. Ta farko ita ce duk kalmar da mai karatu ya saba da ita har yana gane ta nan take, ba sai ya tsaya haɗa baƙi ba. Ta biyu, wadda malamai suka fi nufi, ita ce jerin kalmomin da suka fi yawan fitowa a rubutu, waɗanda ake so yaro ya mallake su da wuri.

Jerin da ya fi shahara shi ne na Edward Dolch na Amurka, wanda ya fito a 1936 da kalmomi 220 irin su *the*, *and*, *said* da *was*, ya kuma ware sunaye 95 daban. Guda 40 daga cikin 220 ɗin aka keɓe wa masu fara karatu. Daga baya Edward Fry ya tsara nasa mai kalmomi 1,000, kuma a lissafinsa guda 100 na farko sun kai kusan rabin abin da ake rubutawa da Ingilishi.

Amfanin mallakar waɗannan kalmomi LaBerge da Samuels sun bayyana shi a 1974: hankalin mai karatu yana da iyaka, idan ya ƙare wajen kokawa da haruffa, babu abin da zai saura wa ma'ana. Yaron da ya tsaya a kan kowace kalma, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Sai dai a riƙe abu guda: Dolch da Fry sun tsara jerinsu ne domin yaran da tun a gida suke magana da Ingilishi.

3.0 Yadda Kalma ke Zama a Ƙwaƙwalwa

An daɗe ana zaton yaro yana haddace siffar kalma ne kamar hoto. Binciken Linnea Ehri ya nuna ba haka abin yake ba. Ta kasa koyon karanta kalmomi zuwa mataki huɗu. A na farko yaro bai san haruffa ba, yana dogara da launi ko zane. A na biyu ya san wasu, yana kama harafin farko ko na ƙarshe ya cika sauran da canke. A na uku yana haɗa kowane harafi da sautinsa. A na huɗu yana ɗaukar gaɓa sukutum. Kalma tana zama daram ne idan furucinta da haruffanta da ma'anarta suka ƙullu wuri guda.

Gwaje-gwaje biyu sun fito da wannan fili. A 1984 Masonheimer da Drum da Ehri sun nuna wa ƙananan yara tambarin Pepsi bayan sun sauya harafin farko ya koma Xepsi, yaran suka ci gaba da cewa Pepsi. Haka yaranmu ke “karanta” Indomie da Maltina a kanti, iyaye na murna, alhali launin leda da kwalba suka gane. A farkon shekarun 1990 kuma Philip Gough ya koya wa yara kalmomi a kan kati, ɗaya daga cikin katunan na ɗauke da tambarin ɗan yatsa a gefe. Wannan katin suka fi saurin koyo. Da aka nuna musu tambarin yatsan shi kaɗai, da yawansu suka faɗi kalmar, da aka nuna kalmar babu tambarin kuwa sai ta ɓace wa da yawa.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo yaro yakan fara da biya karatu da baki, amma ba a cewa ya iya sai ya bi ta babbaƙu da farfaru. Haddar baki daban, karatu daban.

4.0 Abin da ke Sa Yaro Son Koyo

Edward Deci da Richard Ryan, a littafinsu na 1985 da ayyukan da suka biyo baya, sun bambanta sha'awar da ke fitowa daga zuciyar mutum da wadda ake jawowa daga waje da kyauta ko tsoro. Sun ce ta farko tana tsayawa a kan buƙatu uku: mutum ya ji yana da zaɓi, ya ji ya iya, ya kuma ji ana tare da shi.

Game da kyauta, gwajin Lepper da Greene da Nisbett na 1973 ya shafi wannan takarda kai tsaye, domin a kan yaran nazare aka yi shi, a makarantar Jami'ar Stanford. Sun zaɓi yaran da dama suke son zane, suka kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane. Na biyu aka ba su takardar ba zato. Na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye kayan zane a aji ba tare da maganar kyauta ba. Waɗanda aka yi wa alkawari sun ɗauki kusan rabin lokacin da sauran suka ɗauka suna zane. Wasa ya koma musu aikin lada, da lada ya yanke sai sha'awa ta bi shi. A 1999 Deci da Koestner da Ryan sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 128, suka ga kyautar hannu da aka ɗaura wa aiki tana rage sha'awa, kuma illar ta fi ƙarfi ga yara.

Ba ana nufin a haramta alawa a aji ba ne. Kyautar ba zato ba ta yi wa yaran Lepper illa ba, kuma yaron da ya noƙe gaba ɗaya ana iya jawo shi da ɗan abin hannu a farko. Matsalar ita ce a mai da ita ciniki: karanta kalma biyar ka karɓi biskit. Banda haka, a aji mai yawa waɗanda suka riga suka iya su ne ke kwashe kyautar kullum, masu rauni kuwa su koyi darasi guda, cewa karatu ba nasu ba ne.

Tsumagiya ta fi alawa ɓarna. Yaron da ke tsoron duka yana koyon ɓoye kuskurensa: ya motsa baki tare da 'yan aji, ya sunkuyar da kai idan ana neman mai fitowa allo. Keith Stanovich ya nuna a 1986 yadda tazara ke buɗewa daga nan. Mai samun nasara da wuri yana ƙara karatu ya ƙara ƙwarewa, mai shan wuya yana gudun littafi ya ƙara zama baya.

Idan aka haɗa wannan sashe da wanda ya gabace shi, sai a ga hanyar da ke sa kalma ta zauna ita ce dai ke haifar da sha'awa. Hadda ba tare da sanin haruffa ba tana kai yaro ga 'yan kalmomi, daga nan sai su fara cakuɗe masa, *was* da *saw*, *on* da *no*, har ya yanke ƙauna. Wanda ya san aikin haruffa kuwa yana da abin da zai gwada a kan kalmar da bai taɓa gani ba.

5.0 Yanayin Ajin Bahaushen Yaro

*5.1 Kalmomin Hausa*

Rubutun boko na Hausa yana tafiya kusa da furuci. Kalmomin da ke yawan fitowa, irin su da, na, ta, ya, ba, ne, ce, sai, kuma, amma, yana, tana, duk ana iya haɗa su harafi bayan harafi. Babu dalilin tilasta wa yaro haddace siffarsu. Abin da yake buƙata shi ne ya haɗa su sau da yawa har su zame masa jiki. Wuraren da ke neman kulawa su ne haruffa masu ƙugiya, domin baki ba baƙi ba ne, kafa ba ƙafa ba ce, sai tagwayen baƙaƙe kamar sh, ts, ky da gw. Haka kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fita da kama ɗaya. Wannan ya isa hujjar a riƙa koyar da kalma cikin jimla.

*5.2 Kalmomin Ingilishi*

Yaron Amurka da ya ga *said* ya riga ya faɗe ta sau ba adadi, rubutunta kawai ya rage masa. Bahaushen yaro kuwa furuci da ma'ana da rubutu duk sababbi ne gare shi, kuma sautin farko na *the* babu shi a Hausa. Yawancin waɗannan kalmomi ba a iya zana hotonsu a allo. Kalmar da ba ta da ma'ana ga yaro ba ta da abin sha'awa. Duk yadda manufar harshen koyarwa ta sauya daga gwamnati zuwa gwamnati, wannan gaskiya tana nan: sai kunne ya ji, baki ya faɗa, kafin a kai wa ido.

*5.3 Inda harsunan biyu ke karo*

Daga cikin kalmomi 40 na farko a jerin Dolch akwai *can*, *me*, *to*, *in* da *a*, kuma dukkansu da wannan rubutun kalmomin Hausa ne masu ma'ana daban. Yarinyar da ta ga *I can run* ta karanta *can* irin na “je ki can” ba daƙiƙiya ba ce, ƙa'idar da aka koya mata da safe ta bi daidai. Idan aka yi mata tsawa, an hukunta ta a kan abin da ta iya. Ya kamata a raba lokacin harsunan biyu da launin katunansu, a kuma gaya wa yara ƙarara cewa harafin c yana da aiki daban a kowane harshe.

6.0 Dabarun Zaburarwa

*6.1 Kaɗan-kaɗan, kullum*

Kalma uku zuwa biyar a mako sun wadatar, ana cakuɗa su da waɗanda aka riga aka sani domin yaro ya fi yawan dacewa a kan kuskure. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Minti goma kowace safiya sun fi awa guda ranar Juma'a. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

*6.2 A buɗe wa yaro cikin kalma*

Da yawa daga kalmomin Dolch, kamar *and*, *big*, *red*, *run* da *up*, suna bin ƙa'ida, sai a bar yaro ya haɗa su da kansa. Marasa bin ƙa'idar ma ba duka jikinsu ne ya kauce ba. A ɗauki *said*. Malama ta faɗe ta cikin jimla, ta bayyana ma'anarta da Hausa. Yara su ƙirga sautukanta da yatsu, guda uku. Ta zana akwati uku a allo, yara su ba ta s na farko da d na ƙarshe. Sai ta rubuta ai a tsakiya, ta kewaye shi da alli mai launi, ta ce, “Nan ne kawai kalmar take mana wayo, nan za mu riƙe.” Kowa ya rubuta ta da yatsa a farantin yashi yana furtawa. Maria Montessori ta yi amfani da irin wannan taɓawa da yatsa a makarantar da ta buɗe a Roma a 1907. Shirin Jolly Phonics, wanda ya shiga makarantu da dama a Nijeriya, shi ma yana fara da sautuka 42, yana shigo da kalmomi marasa bin ƙa'ida kaɗan-kaɗan.

*6.3 Kalmar da yaro ya zaɓa*

Sylvia Ashton-Warner, wadda ta koyar da yaran ƙabilar Mawori a Niyu Zilan, ta bayyana a littafinta na 1963 yadda take tambayar kowane yaro kalmar da yake so, ta rubuta masa a kati ya zama nasa. Namu yaron zai ce Umma, ko keke, ko kura, ko sunan ƙaninsa. Malama sai ta haɗa katinsa da kalmomin mako su tayar da jimla: “Umma tana da keke.” Aji ya kwashe da dariya, ga kuma “tana” da “da” sun sami wurin zama.

*6.4 Wasa mai sa ido ya sauka a kan haruffa*

Ana iya zana 'yar gala-gala a tsakar makaranta, a rubuta kalma a kowane gida, ba a tsallakawa sai an karanta. Ana iya ɓoye katuna a aji a nemo, ko a kafa kasuwa inda katuna ne haja, marafan kwalba ne kuɗi. Sharuɗɗa uku ne: a riƙa sauya jerin katunan don kada a haddace bi-da-bi, kowane yaro ya sami nasa zagayen shi kaɗai, kuma kada a fitar da wanda ya yi kuskure. Wanda ake fara fitarwa shi ne ya fi kowa buƙatar wasan.

*6.5 Ƙaramin littafi*

Takarda ɗaya da aka ninka biyu ta zama littafi mai shafi huɗu: “Ga Amina. Amina tana da kaza. Kaza ta ci gero. Amina ta ce, kai!” Yaro ya yi masa zane, ya kai gida ya karanta wa kakarsa. Ko iyaye ba su yi boko ba, suna da kunnen saurare da bakin sa albarka. A nan buƙatun nan uku suke haɗuwa: littafin nasa ne, ya iya karanta shi, kuma an saurare shi.

*6.6 Yabo mai faɗin abin da aka yi*

“Ka yi ƙoƙari” ya fi shiru, amma “na ga ka duba harafin ƙarshe kafin ka faɗa” ya fi shi, domin ya nuna wa yaro abin da zai maimaita gobe. A auna yaro da inda yake a makon jiya, ba da ɗan kusa da shi ba. Malamar da ke sauraren yara biyar ɗaya bayan ɗaya a kowace rana za ta zagaye aji mai yara 50 cikin mako biyu, ta san wanda ke karatu da wanda ke bin amo.

7.0 Shawarwari

i. Malamai su fara da sautuka da haruffa kafin katunan kalmomi, su kuma daina ɗaukar amsar baki ɗaya a matsayin shaidar iyawa.

ii. Masu makarantu masu zaman kansu su rage gasar yawan kalmomin da yaro ya haddace domin burge iyaye ranar bikin ƙarshen zango.

iii. Iyaye su ware 'yan mintuna kullum su saurari karatun yaro, su tambaye shi ma'anar abin da ya karanta da Hausa.

iv. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi su duba littattafan Hausa da aka samar a shirin Mu Karanta! a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, su ga abin da za a sassauta ya dace da ajin share fage.

v. Sassan nazarin Hausa a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su haɗa kai da kwalejojin ilimi wajen fitar da jerin kalmomin Hausa mafi yawan fitowa a littattafan yara, a raba wa malamai, maimakon fassara jerin da aka tsara domin Ingilishi.

8.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa kalma tana zama a ƙwaƙwalwar yaro ne idan furuci da haruffa da ma'ana suka haɗu, cewa kyautar ciniki da tsoro ba sa haifar da sha'awa mai ɗorewa, kuma cewa Bahaushen yaro yana da nasa yanayin da jerin Dolch bai yi la'akari da shi ba. Dabarun da aka kawo ba sa buƙatar lantarki ko kwamfuta, kwali da alli da yashi sun wadatar. Abin da suke buƙata shi ne malamin da aka horar, aka kuma ba shi ajin da zai iya riƙewa. Saboda haka, kafin mu ce yaro ba ya son karatu, mu fara tambayar kanmu ko mun ba shi abin da zai iya karantawa.